Fentin Salvu

An sayar da gonar rake, an raba kaji ga maƙwabta, kwanuka duk sun shiga kwali, Cetta Bezzina ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne babur ɗin da ke rumfar bayan gida. Gobe da safe babbar mota za ta ɗauke shi zuwa Perth wajen ɗanta Dominic, ita kuma jibi 'yarta Marlene za ta zo ta tafi da ita Brisbane, wani gida a hawa na sama inda ko carar zakara ba a ji. So take ta ji ƙarar babur ɗin nan sau ɗaya kafin su rabu. Iyakar burinta ke nan, babur kuwa ya ce bai san zance ba.

Tsohon ƙirar Ingila ne, baƙi wuluk. Mijinta Salvu ya saye shi tun yana saurayi, a kansa ya yi zuwa zance, a kansa ya yi shekaru yana zuwa masana'antar sukari, har ciwon baya ya sauke shi. Da ya ajiye aiki sai ya kwance babur ɗin har noti na ƙarshe, ya duƙufa a kansa kamar mai rainon jariri, ya mayar da shi sabo fil. Ya gama haɗa wayoyi, saura a zuba mai a tayar, zuciyarsa ta tsaya. Tun daga ranar Cetta ke goge babur ɗin da tsumma. Ta sayo sabon batir, ta ɗaura shi yadda ta ga Salvu yana yi, ta zuba mai, ta buga kik har gwiwarta ta kumbura. Ko tari bai yi ba.

Akwai mutum ɗaya a duk ƙauyensu na Habana da zai iya tayar da shi, kuma shi ne wanda Salvu ya rantse ba zai taɓa shi ba: ƙaninsa Spiru, bakaniken wayoyin wuta. Tun suna samari Spiru ne ke gyara wa babur ɗin wayoyi, kuma bai taɓa yin gyara bai bi gari da labarin ba. A wurin biki, a ƙofar coci, ko'ina sai ya ce yayansa bai san jar waya daga baƙa ba. Shi ya sa Salvu ya ce wannan karon shi kaɗai zai yi, ranar da babur ɗin ya tashi zai hau ya je ƙofar gidan Spiru ya yi ta danna masa ham. Cetta ta riƙe wannan rantsuwa fiye da yadda mai ita ma zai riƙe. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safiyar nan ta ɗauki waya ta kira shi.

Ya iso da tsohuwar a-kori-kurarsa, tumbi a gaba, akwatin kayan aiki a hannu, yana ɗingishi.

"Matar Yaya, ashe kina da lambata," ya ce. "Na ɗauka kin binne ta tare da shi."

"Da ina da lambar wani, da ba ka ji ni ba. Goge hannunka kafin ka shiga."

"Asibiti ne?"

"Ya fi asibiti. Kuma ka ji ni da kyau, Spiru. In na ga ƙwarzane ɗaya a fentin nan, ko kamar na farce, da sipanarka zan fasa maka kai."

"To, ranki ya daɗe. Za a yi gyara daga nesa."

Ta yaye bargon da ke kan babur ɗin. Spiru, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a cikin coci, ya yi shiru. Bai taɓa ganinsa ba tun da aka kwance shi. Ya zagaya shi a hankali, hannayensa a baya kamar mai tsoron kada su yi ɓarna da kansu. Fentin yana ɗaukar ido, har tumbinsa yake gani a jikin tanki.

Dole a faɗi gaskiya a kan Salvu da fenti. Iskar teku a Habana cin ƙarfe take yi, ka ajiye fartanya a waje da damina ka dawo ka tarar da ƙota. Duk manomin wurin yana da gwangwanin fenti a rumfa, amma na Salvu ya wuce misali. Ya fi tsoron tsatsa a kan maciji. Ƙofar gona, baro, kan famfo, ƙusar da yake rataye hula, babu wanda ya tsira. Kullum maganarsa ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ba ya barin ko ƙofar allura. Spiru kan ce in ka daɗe a tsaye kusa da Salvu, kai ma sai ya shafe ka.

"To," Spiru ya ce, ya gyara murya. "Bari mu ga inda malamin ya kwafsa."

Ya murza makulli. Fitila ba ta kama ba. Ya danna ham, shiru. Ya kwance filogi ya shinshina, ya ce mai yana zuwa, har ya yi yawa. Ya kwantar da filogin a jikin inji ya ce ta zuba ido a bakinsa, ya buga kik.

"Kin ga tartsatsi?"

"Ban ga komai ba."

"Da tabarau ko babu?"

"Da tabarau na ga mutuwar gashin kanka. Babu tartsatsi."

Ya ciro abin gwajinsa, ɗan ƙwan fitila ne da wayoyi biyu, ya girmi 'ya'yanta duka. Ya ɗora a kawunan batir, ƙwan ya kama fes. Ya ce batir lafiya. Ya maƙala waya ɗaya a kan batir, ya bi da ɗayar yana taɓa mahaɗar wayoyi ɗaya bayan ɗaya, daga fis zuwa makulli, daga makulli zuwa koyil. Ko'ina ƙwan kamawa yake. Yana yi yana surutu: waɗannan tsofaffin 'yan Ingila komai nasu a juye yake, matasan kanikawan yanzu in ba su ga kwamfuta ba sai su tsaya suna sosa ƙeya, shi kuwa ido rufe zai haɗa wannan babur. Cetta tana tsaye a kansa da tsumma, duk inda yatsansa ya taɓa sai ta bi ta goge.

Can ya cire wayar daga kan batir, ya maƙala ta a ɗaya kan, ya kai bakin ta biyun jikin inji. Ƙwan bai kama ba. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin kujera, inda jar wayar batir take ɗaure da noti a jikin ƙarfen babur. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya miƙe ya ce ta ba shi abin goge farce, zai kankare 'yan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa a cikin inji, wataƙila sun yi datti.

Ta kawo. Ya kankare. Ya kwance koyil ya jujjuya shi a hannu, ya mayar. Ya sake duba fis ɗin da ya riga ya duba. Rana ta take, kwanon rumfar ya ɗau zafi, jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ya wuce can bayan gona yana jan taragunsa. Cetta ta shiga gida ta ɗumama pastizzi na ƙarshe da suka rage a firji, irin gashin fulawar nan mai cuku a ciki, ta haɗo shayi a kofunan da ba ta naɗe ba. Suka zauna a kan buhunan taki. Spiru ya ci ɗaya kawai, mutumin da ke tashi da faranti shi kaɗai.

"In ba ƙira, me ya ci gawayi?" ta ce. "Mutum ya ƙare ƙarfinsa a kan abu, a ce ko fitila ba ta kamawa. Ina ya kwafsa?"

"Wayoyinsa daidai suke." Ya kalli cikin kofinsa. "Duka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace tana inda ya kamata, a ɗaure, a jere. Ni kaina ban taɓa yin aiki mai tsabta haka ba. A ina ya koya?"

"A nan. Da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Sau da yawa in na kawo masa shayi sai in tarar yana magana shi kaɗai, yana cewa, Spiru ya ce ja ce ke zuwa ƙasa."

Spiru ya ajiye kofinsa. Ya tashi ya koma ga babur, ya sake ɗaukar abin goge farcen.

Cetta ta san shi tun bai fara aske gemu ba. Ta san in yana neman matsala surutu yake yi, in ya same ta kuwa har maƙwabta sai sun ji. Wannan shirun ba ta san shi ba, amma ta gane shi.

"Sau nawa za ka kankare ƙarfen nan? Ka gano tun kafin shayi."

"Wa ya ce?"

"Bakinka. Ya mutu tun da ka leƙa ƙarƙashin kujera. Faɗa mini, ni ba yarinya ba ce, kuma mota gobe za ta zo."

Ya ajiye abin hannunsa. Ya ɗauko wata doguwar waya daga akwati, ya maƙala kai ɗaya a batir, ɗaya a jikin inji. Ya ce ta kalli filogi. Ya buga kik, sai ga shuɗin tartsatsi ya yi tsalle, tas.

"Wuta ba tafiya kawai take yi ba," ya ce. "Fita take ta waya, ta dawo gida ta jikin ƙarfen babur. Dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe, tsirara. Shi kuwa mijinki ya shafe ko'ina. Inda wayar batir ke kamawa, fenti. Inda inji ke zaune, fenti. Har cikin ramin noti ya zura burushi. Wuta ta fita, ta rasa hanyar dawowa."

Cetta ta zauna a kan buhu. Garin neman gira an rasa ido. Ta ga Salvu a durƙushe, harshe a waje, yana bin ramin noti da ɗan siririn burushi don kada tsatsa ta samu ƙofa. Ai shi ne. Da wani ne ya yi kuskuren nan da ta ce sakarci ne, amma wannan Salvu ne tun daga kai har ƙafa, kuma kewarsa ta kama ta kamar yau aka yi rasuwar.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da yana nan," Spiru ya ce, "wallahi sai na bi gidajen Habana ɗaya ɗaya da labarin nan. Sai na sa Fada ya faɗa a coci. Shekara goma zan yi ina ci da shi." Ya goge fuska da gefen hannu. "Yanzu wa zan tsokana? Na samu mafi daɗin labari a rayuwata, babu mai jin haushi."

Wani tsuntsu yana ta ƙwaƙular mangwaro a bakin rumfa.

"Ba sai an taɓa fentin ba," Spiru ya ce daga baya. "Zan ja waya daga batir zuwa inji, wata zuwa fitila, wata zuwa ham. In ɗaure su ta ƙasa. Zai tashi."

Ta kalli doguwar wayar da ke lilo a gefen babur kamar hanjin kaza, ta kalli wayoyin Salvu da ke kwance a jere. Ta san abin da zai yi da yana raye. Zai yi kwana biyu ba ya magana, ya zagi fenti, ya zagi Ingila, ya zagi Spiru da bai san hawa ba bai san sauka ba, sannan ya ɗauko wuƙa ya kankare da kansa, don ba zai yarda a rataya wa aikinsa ƙarin waya ba.

"Wuri nawa?"

"Biyu. Kowane bai wuce faɗin kwabo ba."

"Kwance notin. Ni zan kankare."

Ta shiga gida ta buɗe kwalin da ta riga ta liƙe, ta ciro 'yar wuƙar da take fere dankali. Ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta kumbura ba. Wuƙar ta zame da farko, fentin ya yi tauri kamar tangaran. Ta danna. Baƙin ya ɓare, ƙarƙashinsa wani baƙin, ƙarƙashin wannan toka-toka, can ƙasa ja. Duk ta san su. Jan nan shi ne ya ɓata masa rigar zuwa coci har suka yi faɗa. Mai toka-tokar ya shafa shi ne lokacin da Marlene ta haihu, suka makara zuwa asibiti don yana jiran ya bushe. A cikin baƙin ta ga gashin burushi guda ɗaya a daskare. Ta ci gaba har farin ƙarfe ya bayyana, babu ko ɗigon tsatsa.

"Ka gani?" ta ce. "Ko alama."

"Na gani. A wannan dai ya ci."

Ta kankare na biyun, wajen mazaunin inji, ta tattara ɓarɓashin a tafin hannu. Ta rasa inda za ta zubar, sai ta zuba a aljihun rigarta. Spiru ya lakato giris ya shafa a wuraren biyu tun kafin ta ce ya yi, ya ɗaure notin, ya mayar da filogi, ya cire doguwar wayarsa. Ya murza makulli, fitila ta haska bangon rumfa.

Ya hau, ya yi alamar gicciye, ya buga kik. Babur ya yi tari. Ya sake bugawa, ya yi atishawa ya tofar da hayaƙi. Ya tattara tumbinsa gaba ɗaya ya sauke a kan kik ɗin, sai rumfar ta ɗauka. Kwano yana rawa, gwangwanayen fenti suna kaɗawa a kan kanta, tsuntsun ya bar mangwaronsa ya gudu. Spiru yana murɗa hannu yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

Cetta ta tsaya tana jira. Ta yi wata da watanni tana tsoron wannan lokaci, tana cewa in ta ji ƙarar nan ƙafafunta ba za su ɗauke ta ba. Ga shi tana tsaye daram. Ƙara ce kawai, mai cika kunne, da warin hayaƙi. Babu Salvu a ciki ko kaɗan. Haushi ya turnuƙe ta, ta yi masa alama ya rage.

"Ba ita ba ce," ta ce.

"Me?"

"Ba ƙararsa ba ce. Wani abu ka canza."

"Haba Matar Yaya. Injin nan ne, salansar nan ce. Kunnenki ne ya tsufa."

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta tsaya. Yaushe ma ta taɓa tsayawa kusa da babur ɗin yana aiki? In ya goya ta a baya, iska take ji da bugun bayansa a ƙirjinta. Da safe in zai fita, turawa yake yi har bakin hanya don kada ya tashi yara. Ƙarar da ta sani ba ta kusa ba ce. Daga nesa take zuwa, da yamma, ita tana kicin.

"Spiru, gwiwarka za ta iya kai ka hanyar jirgin rake?"

"Ta kai ni, dawowar ce ban sani ba."

"Ka je can ka juyo. Kada ka yi sauri. Shi ba ya sauri."

Ya dube ta, bai yi tsokana ba. Ya sa giya, ya fita daga rumfar yana tangaɗi kamar ɗan koyo, ya miƙe hanyar da ta ratsa cikin rake.

Ta shiga kicin. Babu labule, babu tukunya a kan murhu, kwalaye ne har bakin ƙofa. Ta tsaya a gaban wurin wanke-wanke, bayanta ga taga, hannayenta suna neman abin yi, ta ɗauki kofunan shayin nan biyu ta fara ɗauraya. Ƙarar tana raguwa, tana raguwa, har rake ya haɗiye ta. Gidan ya yi tsit. Ta rufe famfo.

Sai ta jiyo ta. Siririya, can ƙasa, kamar ba a kunne take ba. Ta ɓace a kwanar magudanar ruwa, inda raken ya fi tsayi, ta sake fitowa da ƙarfi. Ta yi ƙasa a wajen gada, ta hau. Cetta ba ta san lokacin da ta goge hannu a riga ba, ba ta san lokacin da ta gyara gashinta ba. Jikinta bai ji labarin rasuwar ba. Shi dai ya san Salvu ya taso daga aiki, yana tafe da warin sukari a rigarsa, zai ce me aka dafa tun bai cire takalmi ba. Daɗi ya cika ta, daɗi na gaske, irin wanda ta ɗauka ya tafi ke nan, kuma ta san ƙarya ne, ta kuma ƙi sakinsa.

Babur ya shigo tsakar gida ya tsaya. Injin ya mutu. Ta ji an kafe shi, ta ji taku a kan tsakuwa, sannan matakalar katako ta yi ƙara.

"Spiru," ta ce, ba ta juyo ba. "Tsaya nan. Kada ka shigo tukuna."

Takun ya tsaya. Can ta ji ya zauna a kan matakala, a hankali.